Sai Bango Ya Tsage: Rikicin Gida Da Hulɗar Ƙasa Da Ƙasashen Waje

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako wata tambaya ce da aka yi mana tun cikin watan Agusta na 2023, wadda har yanzu ba ta bar zuciyarmu ba. Wata rana bayan sallar La'asar, mun rufe littafi ke nan ɗalibai suna watsewa daga zaure, sai wani dattijo daga cikin masu halartar karatu ya tsaya. Alhajin nan falke ne, ya fi shekara talatin yana ɗauko albasa da wake daga ƙasar Nijar yana kaiwa Kurmi. A ranar kuwa motocinsa biyu suna tsaye a bakin iyaka, mako na biyu ke nan, albasa ta fara ruɓewa, jarin kuma rabinsa na mutane ne. Ya ce, "Allah gafarta Malam, sojoji sun tsare shugabansu a Yamai. Ni ban san shi ba, su ma ban san su ba. To, me ya haɗa albasata da wannan magana?" Muka ba shi haƙuri, muka tuna masa da ƙaddara, muka roƙa masa Allah ya mayar da alheri. Ya yi godiya ya tafi. Amma mu mun san ba mu amsa masa tambayarsa ba.

Amsar da ta kamata mu ba shi ita ce, abin da ƙasa take yi da maƙwabtanta, da wanda take ƙulla abota da shi, da wanda take rufe wa ƙofa, galibi a tsakar gida ake yanke shi kafin a kai shi ofishin jakada. Mutane da yawa sun ɗauka hulɗa da ƙasashen waje wani fanni ne na daban, na masu sa kwat da jin Faransanci, wanda bai shafi mai shago ko akawu ba. Alhali kuwa shugaban da gidansa ya rikice ba shi da cikakken zaɓi a waje, kamar yadda magidancin da matansa suke dambe a tsakar gida ba ya iya zama ya yi ciniki da baƙo a zaure cikin natsuwa. Ko dai ya sayar da araha don ya sallami baƙon, ko kuma ya huce haushinsa a kansa.

Tun muna ɗalibai muna karanta tarihi a gaban malamanmu muka ci karo da wani labari da ya ba mu mamaki ƙwarai. Imam Ɗabari ya kawo a cikin abubuwan da suka auku a shekara ta 70 bayan Hijira, watau wajen 689 Miladiyya, cewa Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi sulhu da Sarkin Rum a bisa sharaɗin zai riƙa ba shi dinari dubu kowace Juma'a. Dinarin zinariya kuwa nauyinsa ya ɗan haura giram huɗu, watau fiye da kilo huɗu na zinariya ke nan yake fita kowane mako daga baitulmalin Musulmi zuwa hannun abokin gaba. Muka ce, "Allah gafarta Malam, yaya za a yi 'ya'ya da jikokin waɗanda suka kori Rumawa daga Sham a yaƙin Yarmuk su koma suna biyansu?" Malam ya ce mu juya baya kaɗan mu duba halin da gida yake ciki.

Da muka duba sai muka tarar a lokacin Makka da Madina suna hannun Abdullahi ɗan Zubairu, Allah ya yarda da shi, Iraƙi kuwa tana hannun ɗan'uwansa Mus'abu. Hawarijawa sun tashi a gabashin ƙasar Larabawa da Farisa. A cikin Dimashƙa kanta wani ɗan gidan sarauta, Amru ɗan Sa'idu, ya yi tawaye. Rarrabuwar ta kai matsayin da a Hajjin shekara ta 68 tutoci huɗu aka kafa a Arfa, kowace ƙungiya da jagoranta. Mu dai ba mu shiga tsakanin magabata da hukunci, Allah ya fi mu sanin su. Abin da muke nufi shi ne, Rumawa ba su ƙara ƙarfi a wannan shekara ba, Musulmi ne suka rabu, sai Halifa ya ga ba shi da ikon fuskantar gaba biyu, ya sayi zaman lafiya a arewa da zinariya. Ba shi ne farau ba ma, domin masu tarihi sun faɗi cewa ya yi koyi ne da Mu'awiya, Allah ya yarda da shi, wanda ya yi irin wannan sulhu da Rum a zamanin fitinar farko.

To, amma a dubi abin da Abdulmalik ya yi da lokacin da ya saya. Zuwa shekara ta 73 ƙasar ta koma ƙarƙashin tuta ɗaya. Biyan ya tsaya. Ya mayar da ayyukan ofisoshin gwamnati cikin Larabci, sa'an nan a shekara ta 77 ya buga dinarin Musulunci tsantsa, wanda babu hoton kowane sarki a jikinsa, bayan an daɗe ana ciniki da kuɗin Rum. Ashe kuɗin aljihun falke ma yana jiran gida ya daidaita kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Sai kuma mu gwama wannan da sarakunan Andalus. Bayan halifancin Ƙurɗuba ya rushe a 1031, ƙasar ta kasu ƙananan masarautu, kowane sarki yana tsoron ɗan'uwansa fiye da yadda yake tsoron abokin gaba. Su ma sun biya zinariya ga sarakunan Kirista na arewa, amma lokacin da suka saya sai suka ɓatar da shi wajen yaƙar juna. Zinariyar da suka biya ita aka yi shiri da ita aka ci birnin Ɗulaiɗila a 1085. Suka kira Yusufu ɗan Tashfin daga Maroko, ya zo ya yi nasara a Zallaƙa a 1086, amma bayan 'yan shekaru ya tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, har Sarkin Ishbiliya Mu'utamidu ya rasu a tsare a garin Agmat. Magani iri ɗaya aka sha, wani ya warke wani ya mutu, domin ɗaya ya gyara gidansa ɗaya kuwa bai gyara ba. Allah Maɗaukakin Sarki ya riga ya gargaɗe mu a Suratul Anfal, aya ta 46, inda ya hana jayayya, ya kuma bayyana cewa ƙarshenta rauni ne da gushewar ƙarfi.

Yanzu kuma mu dawo gida Nijeriya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zamanin Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa fuskar ƙasar nan tana kallon Ingila da Amurka ne, ana kuma ɗari-ɗari da Rasha saboda aƙidarta ta kwaminisanci. Ƙasar tana da ƙarfin zuciyar da a watan Janairu na 1961 ta kori jakadan Faransa daga Ikko saboda gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa take yi a Hamadar Sahara. Sai aka yi juyin mulkin Janairu na 1966 wanda aka kashe Firayim Minista da Sardaunan Sakkwato da wasu manya a cikinsa, aka yi na Yuli, aka kuma zubar da jinin mutanen Gabas masu yawa a garuruwan Arewa, abin da Shari'a ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. Ran 30 ga Mayu na 1967 aka yi shelar Biyafara, ran 6 ga Yuli yaƙi ya ɓarke.

Nan ne fa aka ga yadda rikicin gida yake juya akalar ƙasa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nemi jiragen yaƙi daga tsofaffin abokanta. Amurka ta ƙi sayar da makamai. Ingila ta ba da ƙananan makamai da motoci masu sulke, amma ta hana jirage. Cikin watan Agusta na 1967 sai ga jiragen Rasha samfurin MiG, daga baya kuma matuƙa daga Masar suka zo suka tuƙa su. Ƙasar da jiya ake gudun littattafanta, yau ta zama mai ceto. Babu wanda ya zauna ya sake nazarin kwaminisanci ya ga ya yi daidai, larura ce ta yi hukunci. Abotar nan kuwa ta daɗe bayan yaƙin, ita ce ta kai ga aka ba Rashawa aikin gina masana'antar ƙarfe ta Ajakuta a 1979, aikin da aka shafe fiye da shekara arba'in ba a ci cikakkiyar moriyarsa ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, da bango ya tsage sai ƙadangare ya sami wurin shiga. Faransa ta fito fili a watan Yuli na 1968 ta nuna goyon bayanta ga Biyafara, makamai kuma suka riƙa bi ta Gabon da Kwaddibuwa. Fotugal ta buɗe tsibirin Sawo Tome ga jiragen da ke shiga Biyafara. Ƙasashen Afirka huɗu, watau Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya, suka amince da Biyafara a 1968, Haiti ta bi su a 1969. Waɗanda suka tsaya mana kuwa har da maƙwabta na kusa: Shugaba Diori Hamani na Nijar da Shugaba Ahmadu Ahijo na Kamaru. Dukansu biyu suna cikin kwamitin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta kafa a Kinshasa a 1967 ƙarƙashin Sarkin Habasha, kuma a Yamai aka yi ɗaya daga cikin zaman neman sulhu a watan Yuli na 1968. Da a ce waɗannan biyu sun buɗe iyakokinsu ga makaman 'yan tawaye, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Da yaƙi ya ƙare a watan Janairu na 1970, shugabanninmu sun ɗauki darasi, sun gane cewa maƙwabci na jikin katanga ya fi aboki na bayan teku. Aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar a 1971. Aka ja wayar lantarki daga Kainji zuwa Yamai cikin shekarun 1970. Ran 28 ga Mayu na 1975 ƙasashe goma sha biyar suka sa hannu a Ikko a kan kafa Ƙungiyar Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, bisa ƙoƙarin Janar Gowon da Janar Eyadema na Togo. Wata biyu bayan haka, Janar Gowon yana zaune a taron shugabannin Afirka a Kampala aka kawo masa labarin an hamɓarar da shi a gida. Wanda duk yake neman hujja a kan cewa darajar shugaba a waje a hannun gida take, to, wannan ta ishe shi.

Akwai kuma wata hanya ta biyu da rikicin gida yake fita waje, wadda ta fi taɓa fatake. Idan abinci ya yi tsada, aiki ya yi wuya, jama'a suka fara gunaguni, abu mafi sauƙi ga mai mulki shi ne ya nuna baƙo da yatsa. Cikin watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutane suka fito, cikinsu har da Hausawan zango waɗanda kakanninsu suka je fataucin goro tun kafin Bature ya ja iyaka, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Mu a nan muka yi tir da wannan. Amma a watan Janairu na 1983, da kuɗin man fetur ya faɗi, zaɓe ya ƙarato, tarzomar Maitatsine ta 1980 da ta 1982 kuma ta sa ana zargin baƙi, sai mu ma muka ba da mako biyu. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu mutanen Gana, sauran kuwa har da na Nijar da Cadi da Kamaru. Wannan ya faru ne shekara takwas kacal bayan mun jagoranci kafa ƙungiyar da manufarta ita ce jama'a su yi zirga-zirga ba tsangwama.

Sa'an nan a watan Afrilu na 1984 aka canja kuɗi aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da shekarar fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara sunan shugaban Nijeriya na lokacin. Muna yara a lokacin, amma ba mu manta da ayarin mata da tsofaffi da suka riƙa biyo hanyoyin daji suna sauka a zauren mahaifinmu ba, waɗansunsu dangin kakarmu ne na jini. Ba mu musun cewa hukuma tana da haƙƙin tsare iyakarta da kuɗinta, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin wasu 'yan kasuwarmu sun yi ɓarna da fasa-ƙwauri. Amma Shari'a ta yi wa irin wannan iyaka. Wanda ya shigo ƙasa da aminci, malaman fiƙihu suna kiransa musta'amini, jininsa da dukiyarsa a tsare suke. In za a janye amincin, wajibi ne a sanar da shi a fili, a kuma isar da shi inda zai sami tsaro, kamar yadda aya ta 6 ta Suratut Tauba ta nuna game da mushiriki ma, balle maƙwabci Musulmi. Mako biyu ga mutumin da ya shekara ashirin da iyali da bashi a kasuwa, kowa ya san bai isa ya tattara haƙƙinsa ba.

Hanya ta uku ita ce, in amana ta yi ƙaranci a gida, ko abu mai amfani aka ɗauko daga waje sai ya zama fitina. A watan Janairu na 1986, a taron da aka yi a birnin Fas na Maroko, Nijeriya ta zama cikakkiyar wakiliya a Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi bayan ta daɗe tana halarta a matsayin 'yar kallo. Shiga wannan ƙungiya ba baƙon abu ba ne a Afirka, domin Kamaru da Gabon da Uganda, waɗanda ke da Kiristoci masu yawa, sun riga mu shiga tun cikin shekarun 1970. Amma mutanen ƙasa ba daga bakin gwamnatinsu suka fara jin labarin ba, daga kafofin labarai na waje suka ji. Mutum na biyu a gwamnati, Komodo Ebitu Ukiwe, ya ce ba a tattauna batun a majalisar mulki ba, kafin shekara ta ƙare kuma ya bar muƙaminsa. Ƙasa ta ɗauki zafi, masallaci da coci suka shiga musayar magana, aka kafa kwamiti, aka shekara da shekaru gwamnati ba ta iya fitowa ta faɗi matsayinta sarai. Bankin raya ƙasa na wannan ƙungiya, wanda ke ba da rance ba da ruwa ba, ba mu shige shi ba sai 2005. Shekara goma sha tara ke nan.

Mu Musulmi mun so shigar nan, har yanzu kuma muna ganin alherinta. Amma gaskiya ɗaya ce, hanyar da aka bi ta ɓata abin. Mu dubi yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira. Rundunoni sun kewaye Madina, a cikin gida kuma Banu Ƙuraiza sun warware alkawari. Ya yi tunanin ba ƙabilar Gaɗafan sulusin dabinon Madina don su janye. Kafin a ƙulla, sai ya kira shugabannin Ausu da Hazraju, Sa'adu ɗan Mu'azu da Sa'adu ɗan Ubada, ya shawarce su, domin dabinon na mutanensu ne. Da suka fahimci ba wahayi ba ne, don sauƙaƙa musu ne ya yi nufin haka, sai suka nuna ba su so, shi kuwa ya bar maganar. Malamai sun ciro hukunci biyu daga nan: ya halatta shugaba ya nemi sulhu ko da da dukiya ne idan larura ta matsa, kuma ba a ɗaure jama'a da alkawarin waje a bayan idonsu. In wanda wahayi yake sauka gare shi ya yi shawara, wane ne kuma zai ce ya fi ƙarfinta?

To, yanzu mu koma ga albasar Alhaji. Ran 26 ga Yuli na 2023 sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai. Kafin wannan an yi juyin mulki a Mali da Gini da Burkina Faso, kowane shugaban farar hula a yankin kuma yana duban gemunsa yana neman ruwa. Gwamnatin Nijeriya a lokacin watanta biyu kacal, ga ƙarar zaɓe a kotu, ga tsadar mai bayan janye tallafi. Ran 30 ga Yuli ECOWAS ta sa takunkumi ta kuma ba da wa'adin mako guda. Aka rufe iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 wadda ta ratsa jihohi bakwai, daga Kebbi har Barno, aka kuma yanke wutar nan da aka ja bayan yaƙin basasa. Su ma sojojin Yamai, da yake ba ƙuri'a ta kawo su ba, sai suka nemi goyon bayan jama'a ta hanyar juya wa tsofaffin abokai baya: sojojin Faransa suka fita a watan Disamba na 2023, na Amurka a watan Satumba na 2024, masu horarwa daga Rasha kuma suka iso. Kowane ɓangare yana magana da na waje, amma kunnensa yana wajen mutanen gida.

Abin lura shi ne, gidan nan dai shi ya hana abin ƙazanta. Ran 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta nuna ba ta goyon bayan ɗaukar matakin soja. Sarakuna suka yi magana, wata tawagar malamai ta tafi Yamai ta gana da sababbin shugabannin, fatake da talakawa daga Illela zuwa Maigatari suka ce ba za su yaƙi surukansu ba. Ba a yi yaƙin ba, alhamdu lillahi. An ɗage takunkumi a watan Fabrairu na 2024, an buɗe iyaka a watan Maris. Amma tabon ya zauna, domin a watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ana sauran 'yan watanni ƙungiyar ta cika shekara hamsin.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati, musamman masu rubuta wa manya shawara. Takardar da kuke sa wa hannu amana ce. In an kawo shawarar rufe iyaka ko korar baƙi don a kwantar da wata ƙura ta cikin gida, ku rubuta gaskiyar abin da zai biyo baya, ku faɗi yawan garuruwan da abincinsu ya dogara da hanyar, ko da ba za a ji daɗin ji ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku kuma da kuke aiki a bakin iyaka, ku sani baƙon da ya tsaya gabanku ba shi ya yi juyin mulki ba, kuma yadda kuka bi da shi, shi zai kai gida a matsayin halin ƙasarku.

'Yan kasuwa kuwa, ku daina cewa siyasa ba ruwanku. Duk wanda ya ɓoye hatsi don ya yi tsada, ko ya ba 'yan banga kuɗi ranar zaɓe, ko ya yaɗa jita-jitar da za ta haɗa ƙabila da ƙabila faɗa, to, ya sa hannu a tsaga bangon da wata rana zai tsayar da motarsa a Jibiya. Mu malamai ma ba mu fita ba. Maganar da muke yi a kan mumbari ba ta tsayawa a masallaci, kuma sau da yawa mun fi saurin yin fushi a kan abin da ke faruwa a ƙasashe masu nisa fiye da gyara tsakanin unguwa da unguwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai da ya haɗa Ausu da Hazraju, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, ya rubuta yarjejeniyar zama da sauran mazauna Madina, kana daga baya ya aika wa sarakunan Rum da Farisa da Masar da wasiƙu.

Alhajin nan ya dawo wurinmu bayan 'yan makonni da wata tambaya, wannan karon ta fiƙihu. Albasar ta lalace gaba ɗaya, yana so ya san wa zai ɗauki hasarar. Muka bayyana masa cewa kuɗin da aka ba shi a kan ƙirali, watau a juya a raba riba, hasararsa tana kan mai dukiya matuƙar shi bai yi sakaci ba, amma abin da ya ɗauka bashi yana nan a wuyansa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai babban mai binsa bashin wani manomi ne na wajen Ƙonni, wanda suka shekara ashirin suna hulɗa, kuma ya aiko masa da saƙo cewa ya yafe rabi, sauran kuma ya biya in Allah ya hore. A lokacin iyaka tana rufe, gwamnatocin biyu ba sa ga maciji da juna. Muka ce masa, "Alhaji, ka riƙe mutumin nan da kyau, kada ka bari ko sisinsa ya kwana a hannunka ranar da ka samu." Ya ce in Allah ya yarda. Mun kuwa sami labarin ya cika.

Allah ya haɗa kanmu a kan gaskiya, ya ba shugabanninmu mashawarta nagari, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, ya kiyashe mu daga fitinu na fili da na ɓoye. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.